TSUNTSAYEN GIDA DA NA GONA: WANE NE ABOKI, WANE NE ƁARAWO?

Jawabin malamin gona ga manoman Jiga Birni da kewaye



Yau ba maganar taki za mu yi ba, ba kuma ta iri ba. Maganar tsuntsaye ce. Na san wani zai ce, malam, tsuntsu ai ɓarawon hatsi ne, me za a faɗa a kansa in ban da yadda za a kore shi? To, a yi haƙuri a saurara. Cikin tsuntsayen da muke gani kullum, masu yi mana ɓarna kaɗan ne. Mafi yawansu 'yan ƙwadago ne da ke yi mana aiki ba mu biya su ko kwabo. Manomin da bai iya rarrabe su ba, shi ne ke kashe ma'aikatansa da hannunsa.

MASU YI MANA AIKI

Na farko shamuwa. Kowa ya san in ta sauka a kan tsamiya ko kuka wajen watan Afrilu zuwa Mayu, lokaci ya yi na gyaran gona. A nan take yin sheƙa ta yi 'ya'ya, in damina ta wuce ta tafi kudancin Afirka. Abincinta fara ne da tsutsa. Duk farar da ta haɗiye, wadda ba za ta ci mana gero yana ƙarami ba ke nan. Kakanninmu ba su taɓa yarda yaro ya jefi shamuwa ba, kuma suna da gaskiya.

Na biyu balbela. Ku duba ta bayan shanu, ko bayan garma ana huɗa. Abin da ƙafar saniya ta tayar, ko bakin garma ya tono, shi take tsincewa: fara, da gyare, da tsutsar cikin ƙasa.

Na uku carki, wanda ke sauka a gadon bayan shanu da jakuna yana cire kaska. Amma a lura, in dabba tana da miki yakan tsattsage shi. Saboda haka a riƙa wanke miki ana sa magani.

Sai tsattsewa mai kama ƙwari a sama, da cilakowa, da alhudahuda mai zura baki cikin ƙasa yana zaro tsutsa. Ko ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, yawancinsu da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu a sheƙa. Wannan abu ne mai muhimmanci, tun da daga shekarar 2016 wata sabuwar tsutsa ta shigo Nijeriya daga ƙasashen Amurka tana cin zuciyar masara da dawa. Duk bakin da zai rage mana ita, abokinmu ne.

MUJIYA DA UNGULU

Akwai tsuntsaye biyu da mutane suka tsana ba da laifinsu ba.

Mujiya, an ce mugun tsuntsu ce. To, ku ji aikinta. Farar mujiya guda takan ci ɓera 3 ko 4 a dare ɗaya. Ku lissafa, a shekara ya haura ɓera 1,000. In tana da 'ya'ya a sheƙa, abin ya fi haka. Wane ne cikinmu bai taɓa buɗe rumbu ya tarar da ɓarnar ɓera ba? A ƙasar Malesiya manoman shinkafa da na kwakwar manja har akwati suke kafa mata a gona don ta zauna ta hayayyafa. Mu kuwa jifa muke yi.

Ungulu ita ce mai sharar gari. Mushe ya faɗi, kafin ya ruɓe ya jawo ƙuda da cuta ta cinye shi. Dattawan da ke nan za su shaida, a da ba ka zuwa mahauta ko kasuwa ba ka ga ungulaye ba. Yanzu fa? Tun shekarar 2015 masana suka sa irin ungulun namu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Abin da ke kashe ta, gubar da ake sa wa mushe, da masu kama ta suna sayar da kanta don tsafi, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. A ƙasar Indiya an ga abin da rashinta ke jawowa. Daga shekarun 1990 wani maganin da ake yi wa shanu allura da shi ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.

ƁARAWON GASKIYA

Ba za mu ɓoye ba, akwai maƙiyi, shi ne jan baki. Manoman shinkafa a fadamun Jihar Kebbi sun san shi sarai, haka masu gero da dawa. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne, amma kowane ɗaya yana cin tsaba kamar giram 10 a yini. Garke mai tsuntsu miliyan 2 zai ci tan 20, watau buhu 200 mai kilo 100, tsakanin safe da yamma. Wannan ba abin wasa ba ne.

Ga abin da za a yi game da shi:

1. A yi shuka lokaci ɗaya da maƙwabta. Gonar da ta nuna ita kaɗai, kanta garke ke sauka.
2. A nome ciyawa da kyau. Asalin abincinsa tsabar ciyawa ne, gona mai ciyawa kuwa kiransa take yi.
3. A tsare gona da sassafe da kuma la'asar, lokacin da ya fi ci. A ja igiya a rataya gwangwanaye, a riƙa canja wa mutum-mutumi wuri don kada su saba da shi.
4. Amfani ya nuna a girbe, kada a bar shi tsaye.
5. Wanda ya ga inda suke kwana ko inda suke sheƙa, cikin ƙaya ko ciyawar bakin gulbi, ya gaya wa mai unguwa da malamin gona nan da nan. Feshin jirgi aikin hukuma ne.

Abin da ba za a yi ba shi ne a jiƙa hatsi da guba a watsa a gona ko bakin ruwa. Jan baki ɗari ne zai mutu cikin miliyan, amma kurciya da fakara da zabi da kajin maƙwabci duk za su tafi. Wani yaro kuma ya tsinci gawar ya gasa. A ƙasar Sin, shekarar 1958, hukuma ta sa jama'a su kashe ɗan tsuntsun da ke cin hatsi, aka kashe miliyoyi. Da suka ƙare sai fara da ƙwari suka yi yawa, suka ƙara tsananta yunwar da aka yi a ƙasar. A 1960 dole aka janye dokar. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

YADDA ZA KA JAWO ABOKAI GIDANKA

Wannan ba ya cin kuɗi.

Ruwa shi ne na farko. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin bazara, tafkuna sun ƙafe, tsuntsu ya fi bukatar ruwa bisa ga abinci. Ka sami tsohon kasko ko fasasshiyar tukunya. Ka zuba ruwa, zurfinsa kada ya wuce gaɓar yatsa biyu. Ka sa dutse a tsakiya don ƙananan su sami wurin tsayawa, ƙudan zuma ma ya sha bai nutse ba. Ka ɗora shi a inuwa, bisa gungume ko cikin gwafar itace, inda kyanwa ba za ta yi musu kwanto ba. Duk bayan kwana 2 a zubar da ruwan, a wanke kaskon, a sake wani. Sauro yana bukatar kamar mako guda kafin ya tashi daga ƙwai. Wanda ya bar ruwan ya daɗe, sauro ya kiwata.

Abinci kuwa, tafin hannu ɗaya ya isa. Tsakin gero, ko dusa, ko sharar masussuka. Ba a ce ka buɗe rumbu ba. A kiyaye abu uku. Kada a ba su hatsin da ya yi funfuna. Kada a ba su ragowar irin shuka da aka gauraya da magani, guba ce. Kuma da zarar ruwa ya sauka a daina, don lokacin ne muke son su koma gona su ci mana ƙwari.

Wani zai tambaya, ashe ba jan baki za mu gayyato ba? Jan baki da garke yake tafiya, fadama da fili yake nema. Amma a yi abin a cikin gida, nesa da gonar shinkafar rani da kuma wurin shanya.

Masu kaji da zabi, a raba wurin shan ruwansu da na tsuntsayen daji. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya a shekarar 2006, kuma takan dawo lokaci lokaci. In ka ga tsuntsaye ko kaji suna mutuwa da yawa, kada a taɓa da hannu, kada a yanka a ci, a kai rahoto ga malamin dabbobi.

Sai itace. Ba tsuntsu sai da wurin sauka. Kurna, magarya, aduwa, tsamiya, ɓaure, cediya, kowanne yana ba su inuwa ko 'ya'ya. Gawo ya fi duka a gona, don da damina yake zubar da ganye, bai hana amfani rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi ƙarfi. Maƙwabtanmu na wajen Maraɗi, tun daga 1983 suka fara abin da suke kira sassaben zamani. In kututture ya yi toho a gona ba sa sare shi duka. Sai su zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Da wannan dabara aka mayar da itatuwa a kadada wajen miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Mu ma muna da kututturan, muna da adda.

Mai son mujiya ta tsare masa rumbu, ya haɗa akwatin katako, kowane gefe kamar kamu ɗaya, da ƙofa mai faɗin tafin hannu. A kafa shi sama a kan itace, tsawon mutum biyu, inda rana ba ta dukansa. Amma wanda ya yi haka ya bar sa gubar ɓera, don mujiyar da ta ci ɓera mai guba ita ma mutuwa za ta yi. Tarko ya fi.

SAURAN 'YAN ƘWADAGO

Ba tsuntsaye kaɗai ba ne. Kwaɗon da ke gindin randa, da ƙadangaren katanga, da bushiya, da hawainiya, da ƙaramin jemage mai fita da magariba, duk ƙwari suke ci. A bar su.

Mu mutanen ƙasar Aliero an san mu da albasa. To, masu ajiye albasa don ta yi fure su sami iri, su ji wannan da kyau. Furen albasa ba ya ƙulla iri sosai sai ƙudan zuma da sauran ƙudaje sun bi shi suna ɗaukar garin wannan fure suna kai wa wancan. In ka yi feshi da rana tsaka albasa tana fure, ka kashe su, irinka kuma ya zo ba nauyi. In feshi ya zama dole, a yi da yamma liƙis bayan sun koma, a bi awon da aka rubuta a jikin kwalba, kada a ƙara. Kada kuma a wanke tankin feshi a bakin rijiya ko cikin gulbi.

DAƊIN ABIN

Bayan amfani, akwai jin daɗi. Ka idar da sallar asuba, ka shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da kaskon, ka yi shiru. Kwana 3 ko 4 na farko ba lalle su zo ba. Da sun saba, za ka ga baiwar Allah, 'yar ja ɗin nan, ta fara sauka. Kurciya ta biyo tana rangaji. Wani ya sha ya ɗaga kai, wani ya shiga wanka yana fantsama ruwa. Da sanyin hunturu har baƙi za ka gani waɗanda suka ƙetare teku da hamada daga Turai, su zauna da mu daga Oktoba zuwa Maris su koma. Mutumin da ya wuni yana tunanin kuɗin taki, wannan kallo yana sanyaya masa rai.

A ba yara aikin zuba ruwan. Yaron da ya shayar da tsuntsu da hannunsa, da wuya ya ɗauki danƙo ya harbe shi. Dattawa su koya musu sunayen, da wanda ke zuwa da damina, da wanda ke zuwa da rani. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar mutum, sadaka ce ake rubuta masa.

Manomin da ke lura da tsuntsaye yana samun labari da wuri. In ka ga balbelu sun taru a gefe ɗaya na gonarka, je ka duba, akwai ƙwaro a wurin. In ka ga jan baki ƙanana ƙananan garke suna ratsawa da yamma, babban yana tafe.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. Kasko ɗaya na ruwa a kowane gida da bazara, a sake ruwan duk kwana 2.
2. Kada a watsa guba a hatsi ko a mushe.
3. A bar shamuwa da mujiya da ungulu.
4. A bar toho a gona ya zama itace.
5. Kada a yi feshi a kan fure da rana.
6. Makwancin jan baki, a kai rahoto da sauri.

Mai tambaya ya sami malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfaninmu.