Giɓin Ƙashi a Ƙafar Yaro: Yadda Ake Cike Shi da Ƙashin Jikinsa

Iyayenmu sarakuna, malamanmu, ma'aikatan lafiya na Tambuwal da Kebbe, da 'yan'uwana masu ɗori da suka amsa gayyata, ina gaishe ku, ina kuma godiya.

Maganar da na zo da ita ta shafi yaron da wani yanki na ƙashin ƙafarsa ko na hannunsa ya lalace ya fita, har tsakiyar gaɓar ta zama nama zalla, tana lanƙwashewa inda babu mahaɗa. Iyaye da yawa in suka ga haka sai su yanke ƙauna. Wasu ma sukan ɓoye yaron a gida don tsoron kada asibiti ta yanke ƙafar. Ina so mu tashi daga nan da sanin cewa giɓin nan yana cikuwa, kuma sau da yawa abin cikewar yana jikin yaron.

Haɗarin babur kan jawo shi, harbin bindiga ma haka, wanda a 'yan shekarun nan ba baƙon abu ba ne a ƙauyukanmu. Amma babban dalili shi ne ƙwayar cuta da ke bin jini ta zauna a ɓargo. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafa, in ka danna kusa da gwiwa sai ihu. A ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko a ce targaɗe ne a kai shi a murza. A kwana biyu ko ukun farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta na iya gama komai. In an wuce nan, mugunya ta taru ta ɗaga tantanin da ke lulluɓe da ƙashi, ta raba ƙashin da jininsa, sai ya mutu. Masu ciwon sikila sun fi kowa faɗawa cikin wannan.

A nan nake so mu daɗe. Tantanin nan, a jikin yaro, yana da kauri da kuzari. Ko ƙashi ya mutu, shi yakan fara gina sabo a kewayen mataccen, a hankali, cikin watanni. Uwa za ta ga gyambo yana tsiyaya, wata rana ta hangi wani abu fari, busasshe, yana leƙowa ta bakin miki, ta ce ƙashi ya fito. Sai a sami mai ƙarfin hali ya kama ya zare. To mataccen ƙashin nan shi ne ke riƙe da tsawon ƙafar kafin sabon ya yi ƙwari. In aka cire shi da wuri, gaɓar ta rufta, giɓi ya tabbata. Shi ya sa likita yake ɗaukar hoton ƙashi yana cewa a jira tukuna. Ba wulaƙanci ba ne, lokacin cirewar yake nema.

In giɓin ya riga ya samu, a gefen ƙashin ƙwauri akwai wani siriri da likitoci ke kira fibula. Ɗan kaɗan ne daga nauyin jiki yake ɗauka. Likita kan ɗauki tsakiyarsa, ya bar kansa na sama saboda jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa, ya bar na ƙasa don kada idon sawu ya karkace. Sai ya cusa bakunan wannan sanda cikin ɓargon ƙashin da ya yi saura, sama da ƙasa, ya ɗaure da waya ko ƙarfe, ya zuba ɓarɓashin ƙashi daga ƙugu a mahaɗun. Dashen ba ya zuwa da jininsa. Jijiyoyin jini ne ke binsa kamar yadda duma ke bin dirkar rumfa, har jiki ya mayar da shi rayayyen ƙashi, ya kuma ƙara kauri idan yaro ya fara takawa. Inda aka ɗauko kuwa, muddin an bar tantanin, a mafi yawan yara ƙashin yakan sake tsirowa. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai na yi tasbihi.

Aikin ba sabo ba ne. Tun 1879 William Macewen a Glasgow ya fara sake gina ƙashin damtsen wani ƙaramin yaro da irin wannan ciwo ya cinye, da gutsattsarin ƙashin da aka cire wa wasu marasa lafiya. A 1905 Thomas Huntington a Amurka ya bayyana yadda ake karkato da fibula ta maye gurbin ƙashin ƙwauri a ƙafa ɗaya. A 1975 Ian Taylor a Ostireliya ya dasa fibula tare da jijiyoyin jininta, aikin da ke buƙatar madubin ƙara girma da ƙwararrun hannaye. Akwai kuma hanyar Ilizarov na Rasha, ƙarfen zobe da ke jan ƙashi milimita 1 kowace rana, da hanyar Masquelet na Faransa, inda ake sa siminti na musamman a giɓin na mako 6 zuwa 8 kafin a zuba dashe. A ganina, ga yaron ƙauyukanmu irin Sanyinna ko Kuchi, dashen fibula irin wanda na fara bayyanawa shi ya fi dacewa da halinmu a lokuta da dama, domin ba ya neman kayan da babu su. Likitocin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na asibitin ƙashi na Wamakko, da na Dala a Kano, su ne za su duba su zaɓa.

Ba a dasa ƙashi cikin mugunya. Dole a wanke, a cire ruɓaɓɓen nama, a sha magani na makonni, fata ta rufe. Bayan tiyata kuma akwai watannin filasta da sandar dogarawa, da cimar kirki: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi. Dashen kan karye in an yi gaggawar takawa, wani lokaci ƙafar takan gaza 'yar'uwarta tsawo. A wannan lokaci na bayan tiyata aka fi yin asara. Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, na Kebbe ya fi haka, kuma ranar komawa asibiti takan faɗo a tsakiyar noma, sai uba ya ce a bari sai kaka.

'Yan'uwana masu ɗori, ku ake fara kawo wa yaran nan, kuma mutane sun yarda da ku. Ina roƙonku abu biyu. Yaron da ke da zazzaɓi da ciwon ƙashi ba tare da ya faɗi ba, ko wanda ƙashi ya huda fatarsa, ku tura shi asibiti a ranar. In kuma kun ɗaure kara, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ciwo na ƙaruwa, a kwance ɗaurin nan take, domin sa'o'i kaɗan sun isa nama ya mutu, kuma mataccen nama babu dashen da ke tayar da shi.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu, Tambuwal da Kebbe, kuma, ina neman a buɗe rajista a babban asibitin Tambuwal, a rubuta sunan duk yaron da aka yi wa irin wannan aiki da ranar komawarsa, a ware kuɗin motarsa da na hoton ƙashi, a kuma ɗora wa ma'aikacin lafiyar ƙauyensu alhakin zuwa gidan in ranar ta wuce ba a gan shi ba.