Malamin da Muke Cewa "Halinsa Ne"



Kusan kowace makaranta tana da malamin da muka sallama da cewa halinsa ne: yau fara'a, gobe fushi, kullum zargi. Wani lokaci ciwon damuwa ne ya sauka a kan hali mai wuyar sha'ani da ya kafu tun ƙuruciya, kuma likitoci suna ɗaukar duka biyun a matsayin lalura.

Akwai magani na zaman tattaunawa, wanda wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Majinyaci zai rubuta tunanin da ya faɗo masa, misali "hedimasta bai amsa gaisuwata ba, lallai ya tsane ni", sannan a zauna a nemi hujja, kamar yadda muke bin lissafin ɗalibi layi-layi har mu ga inda ya kauce. Damuwa kaɗai takan ci zama 12 zuwa 20. Idan ta haɗu da matsalar hali, sai an ƙara watanni.

Nan gizo ke saƙa. Daga Doguwa ko Tudun Wada zuwa asibitin Dawanau da dawowa, yini ne guda, ga kuɗin mota. Ina roƙon reshe ya nema wa irin wannan malami izinin ranar asibiti a rubuce, kada ya dawo ya tarar da jan biro a rajista.