Macijin Ƙaiƙayi a Cikin Umarnin mv



Batunmu na yau shi ne kwashe fayiloli daga wani wuri zuwa wani da rubutaccen umarni na shel, irin shel ɗin da Stephen Bourne ya tsara wa Unix, wanda ya fito a 1979. Umarnin da ke yin wannan aiki haruffa biyu ne kacal, watau mv, amma ɓarnarsa ta wuce girmansa nesa ba kusa ba.

Kuskuren da muka fi gamuwa da shi mai sauƙi ne. Mun sa wa fayil suna Rahoton Kuɗi, muka rubuta mv $f ajiya. Da shel ta ga fili a tsakiyar sunan, sai ta raba shi biyu, mv ya tafi neman Rahoton daban, Kuɗi daban, ya dawo ya ce babu su. Magani shi ne mu killace sunan haka: "$f". Wannan kuskure ma abin godiya ne, tunda ya yi kuka mun ji.

To, wanda ya kamata mu ji tsoro shi ne wanda ba ya ko tari. A ce muna da fayil 40, mun umarci kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a foldar ajiya, alhali kuwa mun manta ba mu buɗe foldar ba. A wurin mv, kwashewa da sauya suna abu guda ne. Saboda haka sai ya raɗa wa fayil na farko suna ajiya. Na biyu ya zo ya danne na farko, na uku ya danne na biyu, har a kai na 40. Aiki ya ƙare lami lafiya, ba gargaɗi ko ɗaya, 39 sun salwanta. Kuma kada mu je dubawa a kwandon shara, mv bai san hanyarsa ba. Wanda kundin digirinsa ke ciki, sai dai mu yi masa jaje.

Rigakafin kuwa bai kai layi uku ba. Mu fara da mkdir -p ajiya, sa'an nan mu rubuta ajiya/ da karkatacciyar sandar nan a ƙarshe, domin in babu foldar mv ya ƙi aikin. Mu ƙara -i, ya riƙa tambayarmu kafin ya danne wani fayil. Kafin duk wannan, mu sa echo a gaban mv, mu karanta da idonmu abin da kwamfuta ke shirin yi, sa'an nan mu cire shi.