Nas Nawa Masana'anta Ke Bukata?



Tambayar da masu masana'antu suka fi yi mini ita ce: "Malam, ma'aikatana ɗari huɗu ne, nas nawa zan ɗauka?" Amsata ba ta sauyawa: ranka ya daɗe, tashi mu zaga tukuna. Mutum ɗari huɗu a banki da mutum ɗari huɗu a majemar Challawa ko Sharada, adadi ne kawai ya haɗa su. Na farko bayansa ne ke ciwo saboda zama. Na biyu hannunsa na cikin ruwan kuromiyom da ke cin fata, hancinsa na shaƙar iskar da ke tashi daga ramin dagwalo, wadda kan kayar da ƙato nan take.

Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a a 1700, inda ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa. Shekara ɗari uku ke nan da ɗoriya, amma har yau daga kujerar manaja ake tsara yawancin ɗakunan shan magani na kamfanoninmu, ba a tambayi mai tsayuwa a bakin inji ba.

Dokar masana'antu ta Najeriya ta wajabta akwatin taimakon gaggawa, da ƙarin akwati ga kowane ƙarin mutum 150. Madalla. Sai dai wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zai hana a kama ka, ba shi ne kiwon lafiya ba. Na taɓa shiga wani kamfani, ba zan faɗi suna ba, na tarar da kabad cike da maganin zazzaɓi da na ciwon kai, amma a sashen da ake zuba asid babu ko famfon wanke ido. Nas ɗin kuwa, baiwar Allah, shekararta uku a wurin ba ta taɓa leƙa sashen ba, don ba wanda ya ce mata aikinta ne.

To, ga yadda nake lissafin, kuma awoyi nake ƙirgawa. A ce masana'antar tana aiki dare da rana. Mako yana da awa 168, nas ɗaya tana yin awa 40. Ku raba da kanku: huɗu ma ba su cika ba, kuma ba a sa hutun shekara, da haihuwa, da ranar da ita ma ta kwanta ba. Biyar ke nan kafin kujera guda ta daina zama fanko. Wanda ya ɗauki nas ɗaya ya ce yana da asibiti, ya bar 'yan aikin dare a hannun maigadi, alhali dare ne lokacin da gyangyaɗi ke miƙa yatsa cikin inji.

Daga nan sai aikin rigakafi. A ce mutum 120 suna wuni inda ƙara ta kai ma'aunin desibel 85, iyakar da masana suka amince cewa wuce ta na awa takwas kullum na kashe ji a hankali. Kowannensu na bukatar gwajin ji duk shekara. In rabin awa ne kowane, awa 60 ke nan, ban da rubuta sakamako da bibiyar waɗanda kunnensu ya fara tafiya. Haka za a bi masu shaƙar ƙura da gwajin huhu, masu taɓa dalma da gwajin jini. A tara awoyin, su za su faɗi ko likita na dindindin ake bukata ko mai zuwa sau biyu a mako. Su ne kuma za su nuna kayan da za a saya, da kuɗin gyaransu, wanda shi aka fi mantawa a kasafi. Akwai kuma mutumin da ba a cika tunawa da shi ba, mai auna ƙura da ƙara da zafi. Sau da yawa ya fi likita na biyu amfani, don shi ke toshe ɓarakar tun daga tushe.

Na san masu ƙananan masana'antu za su ce ina suka ga wannan kuɗi, ga kashi ɗaya cikin ɗari na albashi da dokar diyya ta 2010 ta ce a biya hukumar NSITF. Na NSITF kuɗin diyya ne, bayan ɓarna ta auku. Yarjejeniya mai lamba 161 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1985, ta yarda kamfanoni da dama su haɗu a kan cibiyar lafiya guda. Mu da muka gaji adashi, wannan ba baƙon abu ba ne. Kamfani goma a Bompai za su iya riƙe likita ɗaya, da na'urar gwajin ji ɗaya, da motar asibiti ɗaya. Yarjejeniyar ta kuma ce kada gwaji ya ci wa ma'aikaci ko sisi, kuma kada a mai da nas 'yar sandan da ke binciko wa manaja dalilin fashin aiki.

Roƙona ga shugabannin ƙwadago: a zamanku na gaba da masu kamfani, kafin a shiga maganar alawus, ku nemi a nuna muku takardar da ta lissafa haɗarin kowane sashe, da sunan wanda ke kula da lafiyar 'yan aikin dare.