A AUNA MAI SHARHI KAFIN A AUNA RUNDUNA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, tun ranar 24 ga Fabrairu, 2022, da sojojin Rasha suka kutsa ƙasar Yukren, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisunmu da ƙofofin masallatanmu. Wannan ya ce babu mai ja da Rasha, wancan ya ce makaman Amurka da ƙawayenta sun gama da ita. Hujjar kowa kuwa ita ce wani mai sharhi da ya ji a rediyo ko ya gani a waya. Abin ya kai har 'yan'uwa suna ƙaurace wa juna.

To, mu bi abin da ya auku. Da farko masu sharhi da yawa sun ƙidaya tankoki da jirage, suka ce birnin Kiyef zai faɗi cikin 'yan kwanaki. Amma a farkon Afrilu Rasha ta janye daga kewayen birnin, kuma cikin watan ne babban jirgin ruwan yaƙinta, Moskva, ya nutse a Bahar Aswad. Da Yukren ta ƙwato birnin Kerson a Nuwamba, sai wasu suka ce makaman Rasha sun ƙare, takunkumi kuma zai durƙusar da ita. Sai ga farmakin da Yukren ta kai a 2023 ya kasa keta filayen da aka binne nakiyoyi. Birnin Bakmut ya faɗa hannun Rasha a Mayun 2023, Abdibka kuma a Fabrairun 2024. Ashe ɓangarorin biyu duk sun yi kuskure, kuma ƙalilan ne suka dawo suka janye maganarsu.

Dalili shi ne ƙarfin soja ya wuce ƙidayar makamai. Akwai isar da mai da abinci da harsasai bakin daga, akwai masana'antun da ke maye gurbin abin da ya ƙone, akwai juriyar mayaƙa. Ga ƙananan jirage marasa matuƙi, masu araha, suna ragargaza tankoki masu tsada. Mu da muka karanta Sira mun san cewa a Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira, Musulmi 12,000 ne, yawansu ya burge su, aka tarwatsa su da farko kafin Allah (S.W.T.) Ya saukar da natsuwa da nasara.

Addini bai bar mu babu ma'auni ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Malaman Hadisi kuma sun kafa ilmin Jarhu wat Ta'adil, ba sa karɓar ruwaya sai sun binciki adalcin mai ruwaya da kiyayewarsa. Saboda haka mu yi wa kowane mai sharhi tambayoyi uku. Daga ina ya samo labarinsa? Wa yake ɗaukar nauyinsa? Abin da ya faɗa bara, ya tabbata kuwa? Kada mu manta cewa a 2003 an mamaye Iraƙi bisa da'awar makaman ƙare dangi, aka yi ta yayata ta, ƙarshe ba a samu makaman ba.

Haka nan kada ƙin wani azzalumi ya sa mu rungumi wani. Idan Amurka ce ta mamaye Iraƙi, to Tarayyar Sobiyet ce ta mamaye Afganistan daga 1979 zuwa 1989, Rasha ce kuma ta rusa birnin Grozni na Musulmin Checheniya. A yaƙin Yukren ma Musulmi sun mutu ta kowane ɓangare.

Wajibinmu shi ne mu faɗi abin da muka tabbatar, mu kame baki daga abin da ba mu da ilminsa, mu tsare 'yan'uwantakarmu, mu yi wa waɗanda aka zalunta addu'a a duk inda suke.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.