Sunan "99" da Baƙin da Suka Yaɗa Askirim a Birtaniya



Duk wanda ya taɓa yin bazara a Birtaniya ya san motar askirim mai kiɗa da ke zagaya unguwanni. Yaro ya sheƙo da gudu, ya miƙa kuɗi, ya ce a ba shi "99". Abin da za a miƙo masa askirim ne mai laushi cikin biskit mai siffar mazurari, an soka masa guntun cakulan na kamfanin Cadbury wanda ake kira Flake. To, me ya kawo lamba a sunan abin lasa? Wannan ita ce tambayarmu ta yau, kuma ina roƙon kada a raina ta.

Mu fara da abin da ke rubuce. Cadbury, wanda masana'antarsa ke Bournville a Birmingham, ya fito da Flake a 1920. Wajen 1930 ya soma yin gajerensa musamman domin masu sana'ar askirim. Shaida mafi tsufa da ƙamus ɗin Oxford ya kawo ita ce takardar farashin kayan kamfanin ta 1935, inda sunan "99" ya bayyana.

Wannan shekarar kaɗai ta isa ta rushe amsar da ta fi yawo a bakin mutane, wai ana sayar da shi kwabo 99 ne. Dattawanmu sun yi ciniki da fam da sule da kwabo kafin zuwan naira a 1973: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Haka lissafin yake a Birtaniya har 1971. Kwabo 99 a wancan zamani ya haura sule takwas, kuɗin da ba lebura da zai kashe wa yaro a kan abin kwaɗayi. Masu cewa harufan IC na sunan askirim da Turanci su ne 99 a lambobin Rumawa, su ma sun kauce, domin XCIX ake rubutawa.

Sauran riwayoyin sun fi nauyi. Iyalin Arcari na Portobello a Edinburgh, 'yan asalin Italiya, sun ce kakansu Stefano ya buɗe shago a 1922 a lamba 99 ta babban titin garin, shi ne yake karya Flake gida biyu ya soka a askirim, har wakilin Cadbury ya ɗauki dabarar da sunan. Akwai wani iyali a Gorton ta Manchester da ke da irin wannan da'awa game da shagonsu. Kamfanin kansa ya yaɗa labarin cewa sarkin Italiya yana da zaɓaɓɓun dogarai 99, saboda haka Italiyawa ke kiran duk abu mai daraja da wannan lamba. Amma masu bincike ba su sami waɗannan dogarai a tarihin masarautar ba, shi ma kamfanin ya amince cewa asalin sunan ya ɓace. Wasu kuma sun danganta shi da samarin Italiya haihuwar 1899, waɗanda aka tura fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya bayan mummunan kayen Caporetto a 1917, suka tsaya a gaɓar kogin Piave, suka zama abin alfaharin ƙasarsu.

Ku lura da inda galibin riwayoyin nan suka dosa. Italiya ce. A nan ne nake ganin ƙimar maganar take. Tun ƙarshen ƙarni na 19 talakawa suka riƙa baro ƙauyukan kan dutse irin su Barga da Picinisco, suna sauka Glasgow da Edinburgh da Manchester da Landan. Da amalanke suka fara, suna tura askirim titi-titi, kafin su kai ga buɗe shaguna. Su ne abokan cinikin da Cadbury ke zawarci a 1930, don haka ba mamaki sunan kayan ya fito daga bakinsu ko a raɗa shi domin jin daɗin kunnensu.

Mutanen nan sun sha wuya. Da Mussolini, shugaban Italiya, ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu a gefen Jamus a Yunin 1940, aka farfasa shagunansu, aka kame mazajensu. Ranar 2 ga Yuli jirgin ruwan Arandora Star, ɗauke da tsararru zuwa Kanada, ya nutse bayan harin Jamus, Italiyawa fiye da 400 suka halaka, da yawansu masu shagunan shayi da askirim ne. Daga baya wasu cikin waɗanda suka tsira suka koma suka sake buɗe ƙofofinsu.

Ni dai riwayar Portobello ta fi kwanta mini, domin tana da wuri da shekara da mutum, abubuwan da za a iya bi a tantance. Sai dai tarihin baka ne na iyali, kuma iyali ba ya zama shaidar kansa. Ɗalibin da ke son warware zancen, aikinsa na cikin kundin cinikin Cadbury na tsakanin 1922 da 1935, da rajistar shagunan Edinburgh, da tallace-tallacen jaridun lokacin.