Wakenmu, Kajinmu da Awakinmu: Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya



Da sakatariya ta aiko mini cewa ni zan yi magana a kan sababbin bincike na aikin gona da kiwo, sai da na yi dariya. Na ce, matan da suka bar tukunya a kan murhu ne zan tsare da labarin ɗakin gwaje-gwaje? Daga baya na ɗauko littafin bashinmu na duba. Kusan duk wadda ta makara wajen biya, in ka tambaye ta, amsar ba ta wuce uku: ƙwari sun cinye wake, annoba ta share kaji, ko akuya ta mutu da ciki. To, waɗannan ukun su ne masana suka daɗe suna bincike a kansu, kuma sun samo abin yi. A kansu zan tsaya.

Bari in fara da kaina, kada a ce ina nuna wata da yatsa. Wata shekara na ajiye wake buhu biyu da kaka, da niyyar in fitar idan ya yi tsada in biya kuɗin makarantar yara. Da zafi ya shigo na kwance bakin buhu, sai gari da ƙwari suka tarye ni. Kowace ƙwaya ta huje. Mai awo ya duba ya ce ko rabin kuɗi ba zai ba ni ba. A ƙarshe awaki suka ci rabonsu, ni kuma na zo nan na nemi a ɗaga mini lokacin biya. Wasu a cikinku sun tuna.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, tun daga gona ƙwaron yake biyo waken. Uwar tana saka ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige cikin ƙwayar, tana ci daga ciki, mu muna ganin wake lafiya lau daga waje. Cikin wata guda ko ƙasa da haka ta zama ƙwaro, ta huda ta fito, ita ma ta saka nata ƙwan. Ku lissafa daga kaka zuwa bazara, sau nawa aka haihu a cikin buhun nan?

Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin wani farfesa mai suna Larry Murdock, tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, su suka fito da dabarar buhu mai rufi uku. A 2007 aka fara yaɗa shi sosai a ƙasashenmu da sunan PICS. Leda biyu ce masu kauri a ciki, sai buhu saƙaƙƙe a waje. Babu magani a cikinsa ko kaɗan. Ƙwaro yana numfashi kamar ni da ke. In aka ɗaure baki iska ta daina shiga, sai ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa. Binciken da aka buga a 2012, wanda har da wani masani na Maraɗi, Ibrahim Baoua, a cikin masu yin sa, ya nuna cewa ƙishirwa ce ma take ƙarasa su, domin ƙwaron daga abincin da yake ci yake samun ruwan jikinsa, kuma ba ya iya yin haka sai da iska.

Amma buhun yana da sharaɗi, kuma a nan ne da yawa suke faɗuwa su ce ba ya aiki. Wake ya bushe ƙarau, a sheƙe shi, a fitar da tsakuwa da kara masu huda leda. Kafin ki zuba, ki cika kowace leda da iska ki matse, ki ji ko tana huci. Bayan kin zuba, ki matse iskar da ke sama, ki murɗe bakin leda ta farko ki ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Ki ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango, saboda ɓera. Kuma ba buhun da za a riƙa buɗewa kullum ana ɗibar na ƙosai ba ne. Na ci daban, na ajiya daban. In an kula da shi, yana yin shekara fiye da ɗaya. Wadda ba ta samu buhun ba, jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa gam, in an cika shi taf, hikimar ɗaya ce.

Yanzu in taɓo abin da ba ma son faɗa a fili. Mun san ana yayyafa wa wake fiya-fiya a ɗura a buhu. Wannan waken shi muke jiƙawa mu yi alale da ƙosai, 'ya'yanmu su ci, 'ya'yan maƙwabta su saya a ƙofar makaranta. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a jikinsa. Su can sun auna sun ƙi karɓa. Mu nan wa yake auna mana? Wannan kaɗai ya isa mu koma ga ajiyar da ba ta buƙatar magani.

Kafin in bar wake, akwai labarin da na san wasu sun ji a rediyo. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da wani irin wake a ƙarshen 2019 mai suna SAMPEA 20-T. Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. An sa wa irin wani sinadarin gado da aka ciro daga wata ƙwayar halitta da ke zaune a cikin ƙasa, wanda ke kashe tsutsar nan da ke cin fure da ɗanyen kwanso, wadda masana ke kira Maruka. Masu binciken sun ce maimakon feshi shida zuwa takwas a damina, feshi biyu ya isa. Ku lura, ba su ce a daina feshi ba, domin akwai sauran ƙwari masu tsotsar kwanso da irin ba ya taɓawa. Haka kuma ba ya hana ƙwaron ajiya, don haka buhu yana nan a matsayinsa. Akwai kuma ƙungiyoyi da mutane da ba su yarda da irin da aka sauya wa halitta ba, suna da tambayoyinsu, ko da yake hukumar gwamnati mai kula da wannan fanni ta ba shi izini. Ni shawarata ita ce, gani ya kori ji. Wadda take da gayauna kuma ranta ya kwanta, ta nemi iri na gaskiya mai takardar shaida, ta shuka kunya kaɗan kusa da wanda ta saba, da kaka ta zo ta gaya mana abin da ta gani. Ba a tilasta wa kowa.

Mu koma tsakar gida. Kaza ita ce asusun mace. Baƙo ya zo, kaza. Yaro ba lafiya, a kama zakara a kai kasuwa. Amma kowace shekara, da iskar hunturu ta kaɗa, sai ka ga kaza ta takure, fukafukai sun saki, tana zawo kore, wata wuyanta ya murɗe. Kwana uku akurki ya zama kango. Mun gwada barkono, mun gwada sassaƙen maɗaci, mun gwada jan kafso na mutane. Ku yi haƙuri da ni, iyayena, babu ɗaya da ke warkar da ita. Likitocin dabbobi suna kiran cutar Niyukasil, kuma in ta kama, babu maganinta, sai dai rigakafi tun kafin ta zo.

A da, matsalar rigakafin ita ce zafi yana kashe shi, kafin ya iso ƙauye ya zama ruwan banza. Sai masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka zaɓo wani nau'i mai jure zafi, suka sa masa suna I-2, musamman don kajin gida irin namu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924, tana yin sa a nan ƙasar. Ba allura ba ce. Ɗigo ɗaya ne a ido, daga ɗan tsako har zakara. Ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu, saboda kullum ana ƙyanƙyasar sababbi. Juriyar zafinsa ba ta nufin a bar shi a rana: a inuwa ake riƙe shi, a naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle, kuma in an haɗa shi da ruwa ba ya daɗewa. Kaza mai lafiya ake ɗiga wa, ba wadda ta riga ta kwanta ba.

Ga inda ƙungiya ta shigo. Kwalba ɗaya tana ɗauke da rabon kaji masu yawa, fiye da na gida ɗaya. Mace mai kaji bakwai ba za ta sayi kwalba ta zubar da saura ba. Amma in gida goma suka sa rana ɗaya, aka kulle kaji tun dare, da sassafe mutum biyu suka zaga, kuɗin da zai faɗo wa kowa kaɗan ne.

Awaki da tumaki su ma suna da tasu annobar, wadda ake kira PPR: zazzaɓi, majina, kwantsa a ido, gyambo a baki, tari, sannan zawo mai wari. Tana yawan shigowa ta dabbar da aka sayo. Kun san yadda kasuwarmu ta Ɗambatta take tara dabbobi daga ko'ina, har daga Nijar. Rigakafin da ƙasashe da yawa ke amfani da shi, daga ƙwayar cutar da aka samo a Nijeriya a 1975 aka yi shi, sunansa ma Nigeria 75/1. Allura ɗaya tana tsare dabba aƙalla shekara uku. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son ganin bayan cutar. Kada ku ce mafarki ne. Iyayenmu sun ba mu labarin bushiya, yadda take kwantar da garke guda na shanu. A 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya, kuma rigakafi ne ya kawar da ita. Namu aikin biyu ne: in masu allura sun zo, kada a ɓoye dabba a bayan ɗaki, in kuma kin sayo sabuwa, ki ɗaure ta nesa da sauran kamar mako uku, da kwanon ruwanta daban, ki ga lafiyarta tukuna.

To, me nake roƙo? Abu uku nake so a sa a gaban taronmu na wata mai zuwa. Na farko, a ware wani kaso daga asusu a sayo buhunan ajiya a dunƙule kafin kaka, a raba wa mai so, ta biya bayan ta sayar. Na biyu, a zaɓi mata biyu ko uku masu natsuwa, a nemi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, da ke nan garinmu, su koya musu ɗigon kaji da yadda ake riƙe maganin. 'Ya'yanmu da ke karatu a can ma su taimaka. Na uku, a buɗe littafi: kowace mamba kaji nawa, awaki nawa, yaushe aka yi rigakafi, nawa suka mutu. Baɗi war haka mu karanta littafin a wannan wuri, mu ga ko na faɗi gaskiya.

Na san ma'aji tana kallona. Za ta ce kuɗin asusu na bashi ne, kuma akwai masu jiran layi tun bara. Gaskiyarta ne, kuma in an ware wannan kaso, wata a cikinmu za ta ƙara jira. Ba zan ɓoye wannan ba. Abin da nake so mu auna shi ne, bashin da muke bayarwa wake da dabba ake saya da shi. In ƙwaro da annoba suka cinye, asusun ne ya yi asara, ba mai bashin kaɗai ba. Ku tattauna, ku yanke abin da kuka ga ya fi, ni ma ƙuri'a ɗaya gare ni.

Iyayen gida kuma, ga naku. Buhun nan yana da nauyi, ɗaure shi yana son ƙarfi. Ranar rigakafi, a taimaka a kama kaji, a bar mata su fita zagaye. Kuma in waken uwargida ya kai bazara lafiya ya yi kuɗi, a tuna nata ne.

Wanda na faɗa daidai, a yi aiki da shi. Inda na yi kuskure, malaman gona da ke nan su gyara mini kafin a watse. Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya kai mu baɗi lafiya.